Ranar da Na Yi wa Kawuna Musu a Kan Ɗaurin Noti

Akwai wata Laraba a garejin kawuna a Birnin Gwari da har in mutu ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga koyon kanikanci a Kaduna ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, amma a idon Kawu ban san komai ba tukuna.

Da hantsi aka jawo wata tsohuwar bas ta Kusasu, wadda ke fito da mutanen garin kasuwa da asibiti. Direban, wani dattijo, ya ce gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya sake ƙonewa, bayan sau biyu Kawu yana canza masa. Wannan karon a tsakiyar daji ta mutu, wajen Kamuku, da mata da jarirai a ciki. Duk wanda ya san dajin nan ya san ba wurin tsayawa ba ne.

Muka sauke kan injin, muka goge, muka shimfiɗa sabon gaskit. Sai Kawu ya zura wa sifana dogon bututun ƙarfe, zai fara ɗaure noti daga gefe da iya ƙarfinsa, yadda ya saba. Ban taɓa yi masa musu ba, amma na tuna matan nan.

Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi mini afuwa. Ɗaurin nan ne ke ƙona shi. In gefe ya riga tsakiya kamawa, kan ba ya zama daidai."

Ya ce, "Yau kai za ka koya mini noti?" Sai ya yar da sifanar. "To bismilla. In ta sake mutuwa a daji, kai za ka amsa."

Na share ramukan notin, na ɗauko sifanata mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Na fara daga tsakiya, in ɗaure wannan in tsallaka na gabansa, har na fita gefe. Zagaye uku na yi, kowanne ina ƙara awo kaɗan. Direba ya gaji ya ce, "Ɗana, yau kuwa za mu tafi?"

Na ce, "Tare ma za mu tafi, Baba."

Da muka gama, na shiga na zauna gaba, idona a kan allurar zafin injin. Muka ratsa dajin, muka shiga Kusasu, allurar ko motsi ba ta yi ba. Dattijon ya riƙe hannuna yana ta sa mini albarka.

Bayan wata guda aka kawo wata a-kori-kura gyara. A gaban kowa Kawu ya kira ni ya ce, "Kawo sifanar nan taka, nuna mini."

Yau shekaru sun ja, amma ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Tun daga nan na gane idan rayukan mutane na kan aikinka, shiru ba ladabi ba ne. Ka durƙusa, ka tausasa murya, amma ka faɗi gaskiya.