Makullan Baba Ishaya

Har yau ban manta da ranar da na bar teburina na shiga gaban a-kori-kurar Baba Ishaya muka nufi Kachia ba, domin a ranar na gane cewa sa hannuna ya kusa raba mutum da aikinsa. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo sana'ar nan bayanmu, saboda har yanzu ina cin karo da rahotanni irin wanda na rubuta.

A farkon daminar 1989 ni ne injiniya mai kula da garejin wata hukumar aikin gona a Kafanchan. A ƙarƙashina akwai shugaban makanikai, Oga Emeka, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa, haifaffen garin. Sama da ni kuma akwai Manaja. Baba Ishaya shi ne direban da ya fi kowa daɗewa, saura shekara biyu ya yi ritaya. Motarsa tsohuwa ce mai shan fetur, aikinta a lokacin shi ne kai irin citta ga manoman yankin Kachia kafin lokacin shuka ya wuce.

Sau uku cikin wata guda motar ta ƙi tashi a hannunsa, aka jawo ta gareji. Bayaninsa ɗaya ne kullum: kik, wato na'urar da ke tayar da mota, yana juya inji sosai, amma inji ba ya kamawa.

A nan sai na bayyana wata ƙa'ida tamu. Kowace mota tana da makulli biyu. Ɗaya yana hannun direba, ya sa hannu a kansa, ba ya miƙa wa kowa. Ɗayan yana rataye a allo cikin ofishina, da shi makanikai ke aiki idan mota ta shigo gyara.

Mun bi tsari kamar yadda aka koya mana. Injin fetur yana bukatar mai, da iska, da tartsatsin wuta a kan lokaci. Muka auna batir, muka goge kawunansa. Muka cire bututun mai, muka ga famfo yana turowa. Muka wanke kabureta. Muka zare fulogi muka jingina shi da jikin inji, tartsatsi ya fito shuɗi. Muka buɗe distiributa, mai raba wa fulogi wuta, muka daidaita tazarar kwantak da ke cikinsa. A karo na biyu muka canza kondensa, a na uku muka canza kwayil, mai ƙarfafa wutar da ke zuwa fulogi, ba don mun kama su da laifi ba. Kowane karo, da zarar Oga Emeka ya murɗa makulli sai motar ta tashi nan take. Ni kuma in rubuta a rahoto: "Babu matsala."

Manaja ya karanta rahotannin, ya haɗa su da abin da kowa ya sani, wato Baba Ishaya yana da gona, kuma ruwa ya sauka. Ya riga ya ba shi takardar tuhuma biyu. A dokar hukumar, ta uku sallama ce, kuma wanda aka sallama ba ya samun fansho.

Ya kira ni ya ce, "Injiniya, wannan sa hannunka ne ko ba naka ba?"

Na ce, "Nawa ne, Yallaɓai."

"To, in mota lafiyarta ƙalau, saura wa?"

Na tashi na fita daga ofishinsa.

Da na koma gareji na tarar da Baba Ishaya tsaye, hularsa a hannu. Ya ce, "Injiniya, ɗana, ni dattijon ikilisiya ne. Motan nan ya ƙi tashi, Allah ya gani. In gona nake so, zan roƙi izini da bakina."

Oga Emeka ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ce, "Baba, motanka tsoron Injiniya yake ji. Da ya hango digiri sai ya tashi!"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma maganar ta tsaya mini. Idan mota tana tashi a hannunmu, tana ƙi a hannunsa, kuma mutumin ba maƙaryaci ba ne, lalle akwai abin da ya bambanta hannunmu da nasa. Sai na lura cewa ban taɓa ganin motar a lokacin da ta ƙi ba. Na koma na roƙi Manaja ya riƙe takardar tuhuma ta uku kwana ɗaya, in bi Baba Ishaya in gani da idona.

Washegari da safe muka ɗau hanya, ina riƙe da fitilar gwaji, wato ɗan ƙwan fitila mai waya biyu da ke nuna inda wuta ta kai. Motar ta tashi lafiya, ni kuwa so nake in ga ta ƙi. Muka bar kwalta muka bi wata hanya mai gargada zuwa wani ƙauye, aka sauke rabin buhunan. Da muka zo wucewa gaba, Baba Ishaya ya murɗa makulli, kik ya yi ta juyawa, inji shiru.

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Yawwa! Na gode wa Yesu!" Ban taɓa ganin direban da ya yi godiya don motarsa ta mutu ba sai a ranar.

Na buɗe bonet na gwada fulogi, babu tartsatsi. Na ɗora fitilar gwaji a inda wuta ke shiga kwayil, ba ta kama ba. Ke nan laifin ba na kwayil ba ne, ba kuma na abin da ke bayansa ba. Wuta ce ba ta isowa daga batir, kuma a hanyarta babu komai sai waya da siwic, wato inda ake zura makulli.

Na zagayo tagar direba don in duba. A nan na ga abin da na zauna kusa da shi tun safe ban kula ba: a jikin makullin motar an ɗaura wani zobe mai ɗauke da makullai fiye da goma, har da manya biyu na ƙarfe irin na dā, suna reto. Na sa tafin hannuna na ɗaga su. Wani manomi da ke tsaye gaban motar ya yi ihu, "Oga, fitila ya kama!" Na sake su, ta mutu. Sai da na maimaita sau uku kafin na yarda da idona.

Na ce, "Baba, tun yaushe waɗannan suke nan?"

Ya ce, "Tun Ista, da aka ba ni riƙon makullan majami'a. Mamanku, matata, ta ce na mota kaɗai ne ban taɓa yarwa ba, sai in ɗaura sauran a kai."

Bayan Ista ne kuwa matsalar ta fara. Siwic ɗin ya riga ya tsufa, nauyin makullan da jijjigar hanya suka ƙarasa cinye cikinsa. Idan nauyin ya ja shi ƙasa, ɓangaren da ke juya kik yana aiki, amma wanda ke kai wuta kwayil ya rabu. Makullin allonmu kuwa shi kaɗai ne, ba shi da nauyin da zai nuna laifin. Ƙa'idarmu ce da kanta ta ɓoye mana matsalar.

Muka kwance zoben, motar ta tashi, muka kai sauran irin. Washegari na nuna wa Manaja gwajin a gabansa, muka canza siwic, na rubuta sabon rahoto da ya soke ukun farko, na kuma bayyana cewa kuskuren nawa ne. Ya yage takarda ta uku, ya cire biyun farko daga fayil. Baba Ishaya ya gama shekarunsa biyu, ya yi ritaya da fanshonsa.

Daga ranar na kafa doka a garejin: motar da ta ƙi tashi, direbanta ne zai fara tayar da ita a gabanmu, da makullinsa. Na kuma daina rubuta "Babu matsala." Abin da nake da ikon rubutawa shi ne "Ban gano matsalar ba tukuna." Na farko yana ɗora laifi a kan direba, na biyu yana barin aikin a kaina, inda ya kamata ya zauna. Gwaje-gwajenmu duka daidai suke, ina kuma tsaye a kansu har gobe. Abin da har yanzu nake tambayar kaina shi ne me ya sa sai da na canza kondensa da kwayil masu lafiya kafin na yi tunanin zama kusa da mutumin da ya gaya mini gaskiya tun ranar farko.