Ranar da Autanmu Ya Ce a Jira

Autanmu a Manchester aka haife shi, ni kuwa da wayona aka kawo ni daga Kano. Ni na goya shi a ɗan gidan da muka zauna a Withington, lokacin da Baba ke aikin likita a asibiti. Tun yana rarrafe, duk abin da ya yi kama da ƙwallo a gidan nan sai ya sha shuri, daga lemo har albasar Umma. Da ya tasa, in an neme shi an rasa, ni ake aikawa filin unguwa. Sai in tarar da shi caɓa-caɓa da taɓo, yana yi mini magiya da Hausarsa da ta ji Turanci: "Yaya, don Allah saura kaɗan."

Baba bai taɓa hana shi wasa ba, ya dai ɗauka abin yarinta ne da zai wuce. Ni na karanta harhaɗa magunguna, shi kuma aka tsara masa injiniya. Ya shiga jami'a, yana karatunsa yana buga wa ƙungiyar makaranta tsakiya. Ana cikin haka wani ya shiga masa a gwiwa, jijiya ta tsinke. An yi masa aiki ya warke, amma likitan ƙashi bai ɓoye masa ba, ya ce ƙafar ba za ta sake ɗaukar irin wancan wasan ba. Na zaci an gama da maganar ƙwallo. Sai ga shi da sandunan dogarawa a bakin fili kowane mako, yana tsaye kusa da kocinsu, yana nuna masa wanda ya bar gurbinsa.

Ya gama digirin, ya samu aiki a wani kamfani da ke zana magudanun ruwa. Ya daure na wani lokaci. Wata Lahadi muna cin tuwo ya ajiye cokali.

"Baba, na bar aikin nan."

"Wani ka samu?"

"Horar da 'yan ƙwallo zan yi."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. "Wato duk lissafin da ka sha, don ka riƙa busa usur ne?"

"Ai alƙalin wasa ne mai usur, Baba."

Umma ta yi masa wani kallo, ya sunkuyar da kai. Baba bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Sai dai daga ranar ya ƙara riƙe kiransa da Injiniya, kuma in abokansa suka tambaya a masallaci, cewa yake yaron yana ɗan hutawa ne.

Hutun nan ban taɓa ganin wahala irinsa ba. Ya zama mataimaki a wata kwaleji a nan Manchester, ƙarƙashin wani dattijon Bature mai ƙarancin magana. Shi ke hura ƙwallaye, shi ke ɗaura raga, shi ke kwaso rigunan 'yan wasa ya kawo mini gida, har injin wankina ya riƙa warin ciyawa. A ƙarshen mako yana zuwa kwas-kwas na horarwa, yana hawa mataki bayan mataki. Dattijon ne ya fara ce masa lokaci ya yi da zai riƙe tasa ƙungiyar, shi ne kuma ya nuna masa gurbin da aka buɗe a wata kwaleji kusa da Perry Barr, a Birmingham.

Suka ɗauke shi babban kocin ƙungiyar maza. Da ya bugo mini waya bayan atisayen farko, dariya yake yi.

"Yaya, waɗanda suka zo ba su kai a raba gida biyu ba. Golan ma ba shi da safar hannu."

"To me ya ba ka dariya?"

"Ba yadda za a yi su fi haka lalacewa. Duk abin da na yi, gaba ne."

Ƙungiyar tana can ƙasan rukuni na ƙasa. Ya kama ɗaki a Balsall Heath, a saman shagon wani mahauci, ya shiga neman 'yan wasa a cikin ɗaliban kwalejin. Ya bi su ɗakin cin abinci, ya bi su ƙananan filayen unguwa inda suke buga biyar-biyar da yamma. Ya tara 'ya'yan Somaliyawa da na Pakistanawa da na Jamaikawa, da Turawa, da namu 'yan Najeriya. Doka ɗaya ya kafa wadda ba ya sassautawa: wanda ya ƙi shiga aji ba zai taka fili ba. Ya taɓa ajiye wanda ya fi kowa cin ƙwallo a benci saboda haka, aka lallasa su, bai sauya ba. In azumi ya zo, sai ya mai da atisaye dab da faɗuwar rana, a gama a zauna kan ciyawa a sha ruwa tare. Waɗanda ba sa azumin ma sun fi kowa cin dabinon.

Shekarar farko sun sha kashi. Ta biyu suka tsaya tsakiya. A ta uku suka kai wasan da duk wanda ya ci zai hau rukuni na sama, kuma aka haɗa su da tsohuwar kwalejinsa ta Manchester, wadda dattijon nan ke riƙe da ita har lokacin. A filin Perry Barr za a buga.

Na lallaɓa Baba ya bi ni. Ya ce to, dama yana da wani tsohon aboki a Birmingham da yake son dubawa. Muka hau jirgin ƙasa, yana sanye da kaftani da hula, da kwat mai kauri a sama. Abokin nan har yau ban ga an je wurinsa ba.

Filin ba wani babba ba ne, shinge ne da 'yan kujeru. Ɗalibai sun cika gefe ɗaya. 'Yan wasanmu suka fito suka motsa jiki, lokaci ya yi, baƙi ba su iso ba. Labari ya zo cewa an yi haɗari a babbar hanya, motarsu ta maƙale a cunkoso. Aka jira, aka ƙara jira. Can alƙalin wasa ya zo wurin autanmu, kusa da inda muke zaune, ya ce wa'adin da doka ta bayar ya wuce. In ya amince, za a rubuta musu nasara yanzu, su hau. In kuma yana son a jira, sai dai ya nemi izinin ƙungiyar mata da ke da filin bayansu.

Autanmu ya tara yaransa. Da Turanci suke magana, amma ba abin da ya wuce ni. Kyaftin ɗinsu, wani dogon ɗan baya da iyayensa suka fito daga Jamaika, shi ya fara.

"Koci, doka ce. Ba mu muka tare musu hanya ba. Ni wannan ce shekarata ta ƙarshe."

"Gaskiyarka," in ji autanmu. "In muka karɓa, ba wanda zai ce mun yi laifi. Amma ni ban tara ku muka sha wannan wahalar don a ba mu nasara muna tsaye ba. So nake ku buga, ku san ku kuka ci. Sai dai ƙafafunku ne, ba nawa ba. In kun ce a karɓa, zan je in gaya masa, kuma ba zan riƙe kowa a zuciya ba."

Golan nan, ɗan Somaliyawa, wanda ya fara da hannu tsirara, ya ɗauko safarsa ya fara sawa. Wani ya durƙusa yana ɗaure takalmi. Ɗaya bayan ɗaya suka koma cikin fili. Kyaftin ne ya yi ƙarshe, ya tofar da ruwan da ke bakinsa ya bi su.

Autanmu ya je ya roƙi kocin mata, ta yarda. Da baƙin suka iso a gajiye, ya sa aka ba su lokaci su miƙe ƙafa kafin a fara.

Mu muka fara ci, da ka, daga bugun kwana. Baba da ya zauna ya harɗe hannu tun da muka zo, sai na gan shi a tsaye. Bayan hutun rabin lokaci baƙin suka farke. Daga nan wasa ya yi zafi, Baba yana ta faɗa da Hausa, "Ku tare shi mana, ku tare shi," kamar akwai mai jin sa. Ana dab da tashi ƙwallo ta daki ƙafar ɗaya daga cikin namu ta kauce wa gola, ta shige raga. Biyu da ɗaya aka tashi. Ba mu hau ba.

Kyaftin ya zauna a ciyawa ya rufe fuska da riga. Da autanmu ya miƙa masa hannu, ya tashi ya wuce shi. Dattijon Baturen ya zo ya riƙe kafaɗar autanmu, ya daɗe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mu kuma muka tsaya a bakin shinge har autanmu ya sallami kowa. Ya iso yana ɗan ɗingishi, don gwiwar ba ta son doguwar tsayuwa, ya rusuna ya gaida Baba.

"Ka ci abinci?" in ji Baba.

"A'a, Baba."

"To mu je, Koci. Ka nuna mana inda ake samun nama mai kyau a garin nan."

Ya kai mu wani gidan abinci a Balsall Heath. Ba wanda ya tayar da maganar wasan. Sai a jirgi, muna komawa, Baba ya ce mini, "Da ni ne, da na karɓa." Ya kalli taga, sannan ya ƙara da cewa, "Yaron nan ya san abin da yake yi."

Ba kowa ne ya ga haka ba. Shugaban sashen wasanni na kwalejin ya nuna masa ɓacin ransa ƙarara. Wasu 'yan wasa suka daina zuwa. Kyaftin ya gama karatu ya tafi ba sallama. Wannan ne ya fi cin autanmu. Ya zo Manchester hutun bazara, muna wanke-wanke a kicin ɗina, ya ce, "Yaya, anya ban cuci yaron nan ba? Ni ina da wata shekarar, shi ba shi da ita." Na dai ce ai bai tilasta wa kowa ba. Ya ce in koci ya faɗi abin da yake so, rabin tilas ne.

Shekarar da ta biyo baya ba su ma buƙaci wasan raba gardama ba. Su suka zo na ɗaya a rukuninsu, suka hau kai tsaye. Masu cewa za su faɗo nan da nan suka ga sun zauna daram. Daga baya suka ɗauki kofin kwalejojin yankin, na farko a tarihin makarantar, sauran masu horarwa kuma suka zaɓe shi gwarzon shekara. Lambar yabon tana falon Baba, don Baban ne ya ce a can za ta zauna. Labarin jiran nan ma ya zaga, har akwai iyayen da suka kawo 'ya'yansu kwalejin saboda sun ji shi.

Tsohon kyaftin ya dawo da ƙafarsa wata rana ana atisaye. Ya zama malamin makaranta. Ya tsaya a bakin fili har aka gama, sannan ya ce wa autanmu har yanzu yana ganin da an karɓa, amma yana son ya koyi aikin, kuma ba wanda yake son koya a wurinsa sai shi. Yau shi ne mataimakinsa. Suna yawan musu, autanmu kuma ya ce abin da ya sa yake son sa ke nan.

In ka tambaye shi abin da ya fi alfahari da shi, ba kofin zai ambata ba. Zai fara lissafa maka yaransa: wannan yana aikin jinya, wancan yana koyar da lissafi, golan nan ya zama mai gashin ƙashi a asibiti. Duk bikin kammala karatu yana can a baya da kwat, yana tafi har hannunsa ya yi ja. Wata babbar ƙungiya ta neme shi ya riƙe mata matasa, ya yi shawara da matarsa, don lokacin ya yi aure, ya yi istihara, ya ce musu tukuna.

Bana ne Umma ta fara zuwa kallon wasansa. Ba ta san dokar komai ba, duk wanda ya faɗi sai ta yi salati, namu ne ko na baƙi. Aka fara yayyafi, ta ce mini, "Ke, je ki gaya masa ya rufe kansa." Na ce ba a shiga wurin in ana wasa. Wata Baturiya da ke gefenta ta tambaye ta wanne ne ɗanta a cikin 'yan wasan. Umma ta gyara mayafi, ta nuna bakin fili da haɓa, ta ce da Turancinta, "Wancan mai gemun, mai ba su umarni, shi ne nawa."

Canjaras aka tashi ranar. Da aka gama ta buɗe kular da ta riƙo tun daga Manchester, 'yan wasan suka yi layi, kowa ya karɓi waina biyu da yaji. Wani Bature ɗan gaba ya zuba yajin da yawa, ya riƙa tari yana hawaye, ya kuma dawo neman ƙari.