Yadda Na Zo Na Uku

Ƙaryar da na fi daɗewa ina kiwo a rayuwata ban shirya ta ba. Ofishinmu na harkar noman rani a Haɗeja ne ya tura ni kwas na sati shida a wata ƙasar Turai mai sanyin bala'i, don in koyo yadda ake auna ruwa. Na je, na koyo, na dawo da mura. Dusar ƙanƙara kuwa ta taga na fi ganinta. Daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa aji, riga huɗu a jikina da safa biyu, ina tafe kamar an naɗe katifa. A bayan masaukinmu akwai wani fili inda mutanen garin suke ɗaura dogayen katakai sirara a ƙafa, su riƙe sanda biyu, su yi ta zamiya. Sau ɗaya na tsaya kallonsu, kunnena ya fara raɗaɗi, na koma ciki.

Da na dawo na tafi gaida kakana a ƙauyenmu, can wajen Baturiya. Kaka mai fito ne. Tun kafin a haifi mahaifina yake tsallakar da mutane da awaki, daga baya har da babura, a kwale-kwale, yana tura shi da doguwar gora. Duk jikokinsa maza sun iya riƙe gora, ban da ni. An kawo ni makaranta Haɗeja ina ƙarami, kuma gaskiya ruwa tsoro yake ba ni har gobe. Shi ya sa ba ya kirana da komai sai ɗan tudu. Wasan kaka da jika ne, kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Na same shi a mashigi, mutane na jiran jirgi ya cika. Lokacin tsuntsayen nan baƙi da suke zuwa fadama duk shekara sun cika ko'ina.

"To, ɗan tudu," ya ce, "me ka gano a ƙasar da tsuntsaye ma suke gudowa daga cikinta?"

Na ba su labarin jirgin ƙasa da dogayen gidaje, ba wanda ya damu. Sai na ce akwai masu tafiya a kan sandararren ruwa, suna tura kansu da gora biyu.

Kaka ya gyara zama. "Biyu? Kowane hannu da tasa?"

"Kowane hannu da tasa."

"Ka hau?"

Tunda nake bai taɓa dubana da irin wannan ido ba. Bakina ya riga hankalina.

"Na hau mana. Har tsere muka yi, na zo na uku."

Na uku na zaɓa saboda na san in na ce na ɗaya ba mai yarda, na biyu kuma ya yi kama da haɗama. Kaka ya juya ga fasinjoji ya ce, "Kun ji ko? Jini ba ya ɓuya." Daga ranar ɗan tudu ya mutu. Ya fara aiko mini da bandar tarwaɗa. Duk wanda ya shiga jirginsa kuwa, kafin a kai tsakiyar ruwa ya ji labarin jikan da ya kunyata Turawa a kan ƙanƙararsu.

Ƙarya tana buƙatar abinci, don haka na shiga nemo mata. Na gano wata tasha a talabijin da take nuna wannan tsere duk ƙarshen mako in sanyinsu ya kama. Na fi son gajeren, na maza, wanda bai fi minti uku ba. Ana fara sakin su ɗaya bayan ɗaya a duba lokacin kowa, a tace talatin, sannan a dinga jera su shida-shida. Biyun farko su wuce zagaye na gaba, sauran su tafi gida, sai dai akwai mutum biyu daga cikin waɗanda suka faɗi da ake dawowa da su idan lokacinsu ya yi kyau. Na haddace wannan duka kamar zan zauna jarrabawa. Abin mamaki, tun ina kallo don kare kaina har na zo ina ihu ni kaɗai a falo. Maiɗakina, wadda ta san gaskiya tun daren da na sauka, in ta wuce sai ta ce, "Sannu da motsa jiki, gwani."

Wata Lahadi, ranar kasuwa, bayan azahar, ina zaune tseren na gudana sai na ji sallama. Kaka ne, da abokinsa wani Alhaji dillalin banda, wanda iyayensa daga wajen Tafkin Chadi suka taso. Sun fi shekara hamsin suna abota, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko da a kan farashin gishiri ne. Na kai hannu zan ɗauki rimot.

"Bar shi," in ji Kaka. "Ba shi ne abin naka ba?"

Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa dab da talabijin. Aka jera mutum shida, kowa cikin matsattsun kaya. Alhaji ya yi salati ya ce waɗannan ko iyayensu ba sa yi musu faɗa. Aka sake su. Suka dinga caka sandunan biyu lokaci guda, suna dunƙulewa, suna miƙewa, suna sake cakawa.

Kaka ya bi su da ido har suka hau wani tudu. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Waɗannan masu fito ne. Dubi, ba da hannu suke turawa ba. Nauyinsu suke ɗora wa gorar su faɗa mata."

"Wancan na gaba ne zai ci," in ji Alhaji.

"Ba zai ci ba. Shi yake keta wa sauran hanya, kamar jirgin da ya fara shiga cikin ciyawar kacala. Dubi mai jar hula, ya laɓe a bayansa yana hutawa. Ɓarawo ne, shi zai ci."

A kwanar ƙarshe mai jar hula ya fito ta gefe ya wuce. A bakin layi ya wurga ƙafa ɗaya gaba kamar zai tsage, sannan su duka shida suka zube a ƙasa suna haki. Alhaji ya zabura yana tambaya ko suma suka yi. Na bayyana musu cewa gajiya ce, kuma ƙafar da ake wurgawa don da kan takalmi ake hukunci, ba da kan katakon ba. Na yi bayanin da muryar wanda ya sha wurga tasa ƙafar. Kaka ya dinga gyaɗa kai yana satar kallon Alhaji, yana jin daɗi.

Zagaye biyar aka yi a jere, Kaka ya faɗi mai ci a huɗu. Ni da na shafe wata biyu ina kallo ban taɓa dacewa haka ba. Shi ba ya duban tuta ko lamba, ƙugu yake duba da kafaɗa. Da na yi bayanin mutum biyun da ake dawowa da su bayan sun faɗi, sai ya sa na maimaita. Ya ce wannan doka ta masu imani ce. Alhaji ya ce ta ragwaye ce, wanda ya faɗi ya faɗi.

Kashin da Alhaji ya sha a hasashe ne ya sa ya juyo kaina.

"Kai yaro, da ka zo na ukun nan, ku nawa ne?"

"Shida, Alhaji."

"Uhm. To washegari ina ne ya fi yi maka ciwo?"

Tambaya ce mai sauƙi, na kuma amsa ta da sauri don in nuna ban yi tunani ba. Na buɗe tafin hannuna na ce, "Nan. Ai dole ka damƙe sandar da iya ƙarfinka daga farko har ƙarshe, in ba haka ba ta suɓuce. Kwana uku ban iya riƙe cokali ba."

A talabijin kuwa, kamar da gayya, aka maimaita wani wuri a hankali, aka matso da hoton kusa. Wani ɗan tsere ya tura sandunan har bayansa, sai ga yatsunsa sun buɗe gaba ɗaya, sandar na rataye da wata 'yar igiya a wuyan hannunsa, sannan ta dawo tafinsa da kanta. Wata biyu ina kallon wannan abu ban taɓa lura ba. Su kuwa tsofaffin nan tun zagayen farko suka gani, don duk wanda ya taɓa tura jirgi ya san mai damƙe gora ba ya nisa, kuma ciki da ƙugu ne suke kwana da ciwo.

Alhaji ya fara murmushi, irin na wanda ya tsinci abin da zai yi shekara yana ba da labari. Ba kunyar kaina ce ta fi damuna ba. Na hango Alhaji a kasuwar kifi yana kwaikwayon muryar Kaka, na hango mashigi, na hango tsohon nan tsaye a jirginsa fasinjoji na ƙunshe dariya.

"Ashe kai ma ka lura," in ji Kaka, ko gezau. "Ai shi ya sa ya zo na uku. Tun yana yaro haka yake, komai ya riƙe ba ya saki. Da ya saki hannun nan da yanzu ba a gidan haya za ka same shi ba."

Alhaji ya nemi wata tambayar bai samu ba, sai ya ce a ba shi buta, la'asar ta gabato.

Yana fita Kaka ya juyo. Bai ɗaga murya ba.

"Ka taɓa hawa?"

"Ban taɓa ba, Kaka."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To na ukun fa, a ina ka samo shi?"

"A layin karɓar shayi na taɓa zuwa na uku."

Na ga kafaɗunsa na rawa, ya toshe baki da hannun riga don kada Alhaji ya ji. Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Ka cuce ni, ɗan nema. Ni a mashigi na riga na mayar da kai na biyu."

Na ce ya yafe mini, zan je da kaina in faɗa wa mutane gaskiya. Ya ce kada in kuskura. Sannan ya faɗi abin da har yau ban manta ba. Ya ce shekara da shekaru yana neman abin da zai faɗa a kaina a bakin ruwa. Ya san ina da takardu, ya san ana ce mini ranka ya daɗe a ofis, amma waɗannan ba sa faɗuwa a cikin jirgi, ba wanda zai gane. Ranar da na ce gora biyu, ranar ya samu abin faɗa.

Muka zauna muna kallon zagayen ƙarshe. Cikin shidan har da ɗaya daga waɗanda aka dawo da su. Bai ci ba, na huɗu ya zo, amma shi Kaka ya bi da ido har layi.

"Asabar ka zo," ya ce yana miƙewa. "Da hantsi, kafin 'yan kasuwa su taru. Ka faɗi, amma na dawo da kai."

Na je. Sai dai ko Kaka ya manta, ko kuma da gangan ya yi, don ranar ana ɗaurin aure a tsallake, mashigi cike yake maƙil. Kafin in sauka daga babur labari ya zaga cewa ga na biyun nan ya iso. Kaka ya miƙo mini gorar a gaban kowa. Na hau bayan jirgin, na caka ta cikin laka, na faɗa mata da nauyina kamar yadda na ga ana yi. Jirgin ya tafi, har na ji wani ya ce ma sha Allah. Kaka yana ta cewa, "Saki! Saki!" Ban saki ba. Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa, gorar ta tsaya inda take, ni kuma na zaɓi gorar.

Ruwan iya ƙirji ne. Na miƙe ina tari, ciyawa a kaina, hulata na bin jirgin. Mutane sun rasa ko su yi dariya ko su yi jaje, duk suka juya suna duban Kaka. Shi kuwa ya shigo ruwan da kayansa, ya kama ni a dantse, ya ɗaga murya yadda na tsallake ma za su ji.

"Ku yi masa uzuri, jama'a. Ruwan da jikana ya saba da shi sandararre ne."