Hanyar Ruwan da Mai Tsakuwa Ya Bari a Maƙabarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne Babban Shugaban Majalisar Injiniyoyin Ruwa da Magudanai, kuma ba kasafai nake ɗaukar alƙalami saboda mutum ɗaya ba. Amma ranar Talata, tara ga watan Safar, ana tsakiyar damina, aka shigo ofishina da labarin Allah ya yi wa Baba Mai Tsakuwa rasuwa, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon ruwa. Sai na sallami baƙina, na ce a rufe ƙofa.

Baba, duk wanda ya taɓa tattare wando a tsakar gidansa ya san ka. Gidan da ruwa ke kwana a bakin ɗaki, katanga ta sha danshi har ta fara zubewa, kai ake kira. Ba ka farawa da diga. Sai ana ruwa kake zuwa, ka tsaya shiru kana kallon inda yake son tafiya. Kakan ce ruwa baƙo ne mai zuciya, in ka tare shi ya ci maka gini, in ka raka shi ya tafi lafiya. Sannan ka haƙa siririn rami, zurfin gwiwa, yana gangarawa kaɗan-kaɗan har waje. Ka shimfiɗa buhu, ka zuba tsakuwa, ka kwantar da bututu mai huda, hudojin suna kallon ƙasa, ka ƙara tsakuwa, ka naɗe buhun, ka mayar da ƙasa. Ciyawa ta fito kamar ba a taɓa wurin ba. Tsakuwar ma sai ka wanke ta tas, don kada laka ta toshe hanya. Wani jikanka marar kunya yakan ce ka fi yi wa duwatsu wanka a kan kanka, kai kuma ka ce ai su ba sa gudun ruwa kamar shi.

Matar nan mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, a kan bulo take ɗora kekenta duk damina. Kai ka yi ta jigilar tsakuwa a baro har gidanta ya bushe. Bayan haka ba ka daina zuwa ba. In an yi ruwa ka durƙusa a tsakar gidan, ka kara kunne da ƙasa kana saurare, yara suna cewa da wani kake magana a ciki. Rannan jikan nan ya zagaya waje, ya sa baki a bututun ya yi muryar fatalwa. Yara suka watse. Kai ko gezau, sai ka ce da ƙasar: "To, na ji. Ka fito ka ɗauki shebur."

Aikinka na ƙarshe ba a gidan masu rai ba ne. 'Yarka ta fari tana kwance a kusurwar maƙabarta, inda ruwa ke taruwa har kaburbura su rufta. Ka ce ba za ka busar da gidajen mutane ka bar ta a cikin taɓo ba. Ka fara rami daga tudu, ka kawo shi har daidai kanta, saura ka fitar da shi ta ƙarƙashin katanga, sai ciwo ya kayar da kai. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ramin da ba shi da mafita ya fi babu muni, domin duk ruwan da ya kwaso a kanta zai sauke. Kana kwance, da ka ji yayyafi a kan kwano sai ka ce, "Ban kai shi waje ba." 'Ya'yanka maza su ce sai ruwa ya ɗauke. Ka roƙi a binne ka kusa da ita, haka kuwa aka yi.

Washegarin jana'izarka aka kece da ruwa tun safe har azahar. Yana tsagaitawa maza suka ɗauki diga suka nufi maƙabarta, kowa yana tsoron abin da zai tarar. Kusurwar nan ko kududdufi babu. A bayan katanga kuwa ga bakin bututu yana zubar da ruwa garau. Aka tona kaɗan. Wankakkiyar tsakuwa, hudoji suna kallon ƙasa, buhu a naɗe irin naɗinka.

Mai gadin maƙabarta ya rantse bai ga kowa ba, sai dai wasu safiyoyi yakan ji kukan tayar baro. A gida aka tarar da baronka a bayan ɗaki, laka ba ta gama bushewa a jikinsa ba. Matarka ta ce ba ta taɓa barin gefenka ba, kuma ko kofi ba ka iya ɗagawa. Wanda ya yi wa gawarka wanka kuwa, daga baya ya faɗa cewa ya cire yashi a ƙarƙashin farcenka. Nan fa idanu suka koma kan jikan nan, aka ce wannan ma tsokanarsa ce. Ya rantse, ba wanda ya yarda. Allah ne masanin abin da ya ɓoye.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya shayar da kai daga Alkausara. Ya ba 'ya'yanka da jikokinka haƙuri, da duk gidan da ke kwana a bushe saboda kai. Ya ba matarka haƙuri, wadda kullum nake ce maka ni zan gaje ta.

To, asiri ya tonu. Babu majalisa, babu ofis, ko kujera ba ni da ita. Ni ne jikan, wanda iyakar karatunsa allo. Na ari babbar riga ne don ko a saurare ni sau ɗaya, tunda da bakina ba a yarda. 'Yar taka da ke kusurwa ita ce mahaifiyata. Da ni na haƙa, da na cika gari da fahariya. Wallahi ba ni ba ne.

Jiya bayan ruwa na je na durƙusa tsakaninku, na kara kunne da ƙasa. Yana tafiya, Tsoho. Ya kai waje.