Ƙugiya Biyu da Gaɓar Kogi

Salamu alaikum. Masu aiko da saƙo suna tambaya ko Malam Bukar ya rasu ne shi ya sa ya daina rubutu, ku yi haƙuri, ban samu dama ba. Ina nan. Hannun da nake danna wayar da shi ne ya yi yaji tun daminar bara.

Ina alwalar la'asar abin ya fara. Na ɗebi ruwa zan kuskure baki, ya zube ta gefe. Mai ɗakina Yagana ta dube ni ta ce, "Malam, bakinka fa ya karkace." Kafin magariba ɓarin dama duka ya zama ba nawa ba.

Dangi suka taru suka ce iskar kogi ce. Aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe har na fara ƙamshin kifin banda. Sai da 'yata Falmata ta zo daga garin Malam Madori, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sa aka ɗora ni a adaidaita sai asibiti.

Likita ya auna ni ya ce, "Baba, hawan jini ne. Ya daɗe yana sallama ba a amsa ba. Ina kuka tsaya?" Masu hayaƙi duk suka sunkuyar da kai.

Aka tura mu Kano hoton ƙwaƙwalwa. Allura, ƙarin ruwa, robar fitsari, awon jini safe da yamma. Ɗaya daga shanun huɗata ya tafi a nan. Ban ji tsoron mutuwa sosai ba. Abin da na ji tsoro shi ne in ƙare rayuwata ana juya ni kamar waina.

Gonata tana tsallaken kogi. In ka sauka daga kwalekwale, sai ka hau gaɓa mai tsayi, laka ce zalla, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ina kwance ƙanena Sale ya shiga gonar, wai yana riƙe min. Da na dawo gida na yi masa maganar, a gaban mai unguwa ya ce, "Yaya, gona ai ba a noma ta daga tabarma. Ranar da ka hau gaɓar nan da ƙafarka, na bar maka abinka."

Aka yi dariya. Har da waɗanda suka zo duba ni.

An ce ɗan'uwa rabin jiki ne. To, ni duka biyun suka mutu min a shekara guda.

Zaman banza ya sa ina ta kallon waya da hagu. Nan na ga waɗansu mutanen ƙasashen sanyi suna hawa dutsen ƙanƙara da ƙugiya biyu a hannu. Ni da ƙanƙara ba mu taɓa haɗuwa ba sai a cikin zoɓo. Amma abin da ya tsayar da ni, kafin su je dutsen, a bayan gida suke kafa katako su yi ta koyo. Na ce santsi ai santsi ne, ko na ƙanƙara ko na laka.

Na nuna wa likitan gashin ƙashi da nake zuwa wurinsa. Ya ce, "Ƙasa-ƙasa dai, Baba. Kuma kada ka ɗaure hannun a jikin ƙugiya, kafaɗar za ta goce. In ya gaji, ya saki."

Muka jingina azara a katangar bayan gida, kafinta ya buga katako a kai, ya kakkafa guntayen ice wurin taka ƙafa. Maƙeri ya lanƙwasa min rodi biyu kamar lauje, ya sa musu ƙota. A ƙasa Yagana ta jera buhunan buntun shinkafa. Daga baya na sa ana yaɓa wa katakon laka ana jiƙa ta.

Farko hannun ko ƙotar ba ya riƙewa. Na faɗi a kan buhunan nan har sun ɗauki siffata. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, labari ya zaga unguwa cewa ciwon ya taɓa min kai. Yagana takan tsaya a bayana ta ce, "Malam, in ka karye, ni dai ba zan sake kwanan Kano ba."

Da ruwa ya ja baya, na ce a kai ni. Sale yana saman gaɓa, hannu a ƙugu. Na kafa ƙugiyar hagu, na kafa ta dama, na ja. Ƙafar ta zame, na ci laka har gemu. Na sake. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san mai kwalekwale ya yi sawu ya dawo ina nan manne.

Na hau.

Sale ya cika alkawari, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kwance injin ban ruwansa ya tafi. Har yau bai sake taka ƙofar gidana ba, a masallaci ma sahu daban yake bi.

Alhamdu lillahi. Hannun ya dawo, ko da yake ba duka ba. Na gode wa Falmata da ta ƙi jin maganar manya, da Yagana, da likitocin da suka yi haƙuri da taurin kaina.

Ku kuma, ku auna jininku tun kuna ganin kanku lafiya. Baki ya karkace, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Mai son kafa irin katakona ya fara tambayar likitansa, kuma ya shimfiɗa buhu kafin ya buga ƙusa.

In kuma kana kwance wani ya ce zai riƙe maka gona, ko uwarku ɗaya, a kira shaidu a faɗi ranar da zai saki.