Abin da Likita Ya Ce, da Abin da Na Faɗa wa Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye gaban allo a lakwal, makarantar da nake koyarwa, da alli a hannuna, wayata ta yi ƙara cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma ranar na ɗauka, domin Baba yana kwance a asibiti, kuma ƙanena Mamman na baro a wurinsa da safe. Mamman ko sallama bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, sai haƙuri." Na ajiye allin, na fita.

Mahaifina, Malam Isuhu tela, mutumin Maradi ne da Yamai ta riƙe tun yana saurayi. Duk wanda ya san layin teloli na Wadata ya san rumfar da suke ɗinki shi da ƙanensa, Baffa Hamidu. Har ya koma ga Allah bai rabu da kekensa na ƙafa ba. In wuta ta ɗauke, masu keken lantarki suka yi tagumi, sai ya ƙara wa ƙafarsa sauri yana yi musu dariya. Bai taɓa riƙe ƙyallen mutum ba, ko da bai fi tafin hannu ba, sai ya naɗe shi cikin rigar ya mayar. 'Yan dako kan kawo masa wandon da ya yage, ya ɗinke suna tsaye, in sun kai hannu aljihu ya harare su. Gab da Salla kuwa, in aiki ya cika masa, ko kai waye ba zai karɓi yadinka ba. Yakan ce, "Gara ka yi fushi da ni yau da ka zage ni a filin Idi."

Akwai maganarsa da duk layin ya haddace. In alhaji ya zo awo yana shanye ciki don a ce ya rame, Baba yakan buga masa igiyar awo a kafaɗa ya ce, "Saki tumbinka, Alhaji. Wanda ya ɓoye wa tela cikinsa, shi zai sha matsi."

Ni ce 'yar farinsa, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" nake, da na fara koyarwa na zama "Madam". In yana son sanin lafiyata, Inna yake tambaya ko da ina zaune a wurin. Bai taɓa sa mini igiyar awo ba, amma kowace Salla shi ke ɗinka mini kaya da awon ido, kuma ba a taɓa rage ko ƙara zare ɗaya ba. Haka muke son juna, daga nesa, kuma ina alfahari da haka.

Da aka yi masa gwajin jini aka ce kitse ya yi yawa, ba wanda ya yi mamaki, don Baba da tsire da man shanu sai Allah. Ranar komawa wurin likita, Inna tana Maradi wajen haihuwar ƙanwata, Mamman kuma yana kan hanya da motar da yake tuƙawa. Ni na raka shi. Likitan saurayi ne Bazabarme, mai ladabi, amma Hausarsa ta ciniki ce, don haka ya yi bayani da Faransanci ni kuma ina juyawa.

Ya ce kitsen iri biyu ne, kolestarol da wani da ake kira tirigiliserid, kuma zai ba shi ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu. Na faɗa. Ya ce ya rage maiƙo, kuma ya dawo a sake gwajin jini a duba hanta da ƙoda. Na faɗa, Baba har yana cewa an raba shi da masoyinsa. Ya ce kada ya sha wani magani a kai sai ya tambaya. Wannan ma na faɗa. Sai likitan ya ɗaga yatsa ya ce, in ya ji ciwo ko kasala a naman jiki ba dalili, musamman cinya da kafaɗa, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ya dakata da maganin ya zo a ranar, kada ya kwana.

Baba ya juyo ya ce, "Madam, mi ya ce?"

Wallahi bakina ya yi nauyi. Ni, in dubi mahaifina in ambaci cinyarsa da fitsarinsa? Na sunkuyar da kai na ce, "Ya ce in ka ji jikinka ba daidai ba, ka dawo." Baba ya ce, "To, ai wannan ko bai faɗa ba." Na ƙudurta in Inna ta dawo zan gaya mata ta gaya masa. Inna ta dawo, Baba yana cikin ƙoshin lafiya, gwaji na biyu ya yi kyau, maganar ta bi ruwa.

Lokacin zafi ya yi tari, ya sayi wasu ƙwayoyi wajen mai tallar magani a kasuwa, don a ganinsa maganin tari ba magani ba ne da za a je tambaya. Bayan haka ya fara matsa cinyoyinsa in ya dawo gida. Inna ta ce keke ne. Baffa Hamidu ya ce tsufa ne, ya tsokane shi wai ya sallama ya sayi na lantarki. Ni kuwa ina kai masa ruwan alwala na gan shi yana dafa bango kafin ya miƙe. Maganar likita ta dawo mini tiryan-tiryan. Na ce, "Baba, ko mu koma asibiti?" Ya ce gajiya ce. Tambaya ɗaya ta rage in yi, na kasa, na lallashi kaina da cewa ai tela ne, dole ƙafa ta yi ciwo.

Ranar da ya kasa tashi muka ɗauke shi zuwa asibiti. Likitan nan ya ce in tambaye shi launin fitsarinsa, da tun yaushe. A nan na faɗi kalmar, a gaban Inna da Mamman, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Baba ya juya fuskarsa ga bango ya ce ya kwana biyu haka, shi ya ɗauka zafin rana ne. Likita ya ce naman jikinsa ne ya lalace har ya taɓa ƙoda. Ya ce abin ba kasafai yake faruwa ba, maganin yana taimakon mutane da yawa, amma akwai magungunan da ba sa haɗuwa da shi, kuma zuwa da wuri shi ne komai.

Da muka rage mu biyu, na durƙusa na gaya wa Baba abin da na rage a fassarata. Ya ce, "Tashi, Madam. Ni na koya miki kunyar nan. Kuma kwana in ya ƙare, ya ƙare." Na san ajali ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Amma na san kuma an ba ni saƙo ban isar ba, kuma wannan nauyin ina ɗauke da shi.

Ranar sadakar uku, Baffa Hamidu ya shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa. Shi ma irin ƙwayar kitsen nan yake sha. Da zai zauna a tabarma na ga ya cije leɓe ya dafe cinya. Mata cike da tsakar gida, na matsa na durƙusa gabansa.

"Baffa, ka gafarce ni. Fitsarinka wane launi ne?"

Wata gwaggo ta yi salati, ta ce, "Ke, ba ki da kunya?" Baffa ya dube ni, idonsa ya ciko. Ya ce, "Ku ƙyale ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya faɗa mini launin a hankali, kuma kafin la'asar Mamman ya kai shi asibiti. An gwada, an ce da sauƙi, aka sake masa magani. Yanzu shi ke zaune a kan keken Baba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Isuhu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta bayinka. Ka ba Inna haƙuri da juriyar takaba, Ka riƙa mana Mamman da ƙannenmu, Ka ƙara wa Baffa lafiya. Ni kuma, wadda bai taɓa kiran sunanta ba, Ka gafarta mini shirun da na yi, Ka sada ni da shi a Aljanna ya kira ni da bakinsa. Amin.