Takardar da Bappa Jaye Ya Rataya

Ilyasu, wanda yau ke auna hatsi a kasuwar Gidan Rumji, ɗan makiyaya ne daga wata ruga kusa da Sae Sabuwa. Shi kaɗai ne a danginsu ya bi lakol har jami'a, fizik ya karanta. Shekarar da abin ya faru, ya zo gida hutun damina da kaye uku, wato littattafan rubutu, cike da lissafin digirinsa na biyu.

Bincikensa a kan ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, irin su elektron. In ka tambaye shi, sai ya ɗauko kwalin ashana, ya mirgina shi gaba sannan dama. Ya mai da shi yadda yake, ya fara da dama sannan gaba. Kwalin ba ya tsayawa iri ɗaya. Ya ce haka ƙwayoyin suke: duk juyi biyun da sauya musu jeri ke sauya sakamako, abubuwan da ke tattare da su ba sa aunuwa daidai a lokaci guda. Kowane juyi kuwa cikin ɗan murabba'i mai gida huɗu yake rubuta shi, misali: sifiri, ɗaya, ɗaya, sifiri.

To, ta nan masifar ta shigo. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya ga gidaje da lambobi a ciki, hatimi ya gani, ko za ka kwana kana yi masa bayani.

Da ɓarayi masu bindiga suka kore shanun rugar, ƙanen mahaifinsa, Bappa Jaye, ya same shi a inuwar gawo.

"Ilyasu, ka ba ni ɗaya na tsari. Sawu za mu bi."

"Bappa, wallahi lissafi ne. Ko ƙaya ba ya karewa. Ku jira jandarma."

Tsohon ya yi murmushi. "Mai abu na ƙwarai ai ba ya cewa yana da shi."

Tsoro ya kama Ilyasu. Ya tura kayen cikin rumbu, bai san tuni an yage shafi guda an kai wa baduku ba. Waɗanda suka je sun ce Bappa Jaye ne a gaba, ko sunkuyawa bai yi ba.

A amalanken jaki aka dawo da shi. Wajen wanka Ilyasu ya yanke sabuwar layar da ke wuyan mamacin, ya farke ɗinkin. Rubutunsa ne, har da wurin da ya gyara kuskure da jan biro. Kuka ma ya ƙi zuwa.

Ranar uku, a zaman makoki, wani maƙwabcinsu Chindo ya matso ya rage murya.

"Malam, Jaye bai tambayi sharaɗin ba, shi ya sa. Ni zan kiyaye. Ɗana Bakari zai bi sawu jibi."

Ilyasu ya tashi. Ya ciro kayen uku, aikin shekara biyu, ya cinna musu wuta a tsakar ruga kan idon kowa. Ya tsaya sai da suka cinye ƙurmus, sannan ya tafi rijiya ya wanke hannu.

Da ya dawo, ya tarar da Chindo a durƙushe yana kwashe tokar cikin gefen rawaninsa, a hankali, kada iska ta ɗauke ko kaɗan.